Ɗakin Wanki da Guga Mai Ƙafa Goma Sha Biyu

Shagona tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ƙafa 10. Irin shagunan nan ne da masu gida ke fitarwa a jikin katanga, a nan Ɗorayi cikin Kano. Ƙofarsa tana kallon titi, akwai kuma 'yar ƙaramar ƙofa ta baya da ke fita wani siririn fili tsakaninmu da katangar maƙwabci. A wannan ɗan wurin muke karɓar kaya, mu wanke, mu sa sitati, mu goge, mu ninke, mu ajiye har mai su ya waiwayo. Mu uku ne, ni da yara biyu. Abokan sana'a idan sun leƙo sukan ce wurina ya fi nasu girma, sai mun auna su ga ashe nasu ne ya fi. Bambancin yana ga hanyar da kaya ke bi a cikin ɗakin, kuma ni ma ban gane haka ba sai da na yi ɓarna.

Shekarata ta farko ce da buɗe shago. Wani Alhaji a unguwarmu ya aiko da farar babbar riga ta shadda mai aikin hannu, zai sa ta ɗaurin auren 'yarsa bayan an sauko daga Juma'a. Da kaina na wanke ta, da kaina na goge, ban bar wa yara ba. Na gama da daddare ranar Alhamis, na sa ta a hanga na rataye a ƙusa jikin bango. A lokacin igiyoyin shanya sun ratsa ɗakin ta ko'ina, duk inda aka samu ƙusa an ɗaura. Bayan na tafi gida hadari ya haɗo, yaron da ke kwana a shago ya kwaso shanyar waje ya baza a igiyoyin ciki. Cikin kayan akwai wani jan zani mai zuba. Da na buɗe shago bayan sallar asuba, na tarar da ɗigo uku a kafaɗar rigar, ɗaya ya gangaro har cikin aikin. Na sa ruwa, na sa sabulu, na gwada duk dabarar da na sani. Jan ya dusashe ya koma ruwan hoda, ya tsaya nan. Bilic kuwa ba abin da za ka kusanta da zaren aiki ba ne.

Na ɗauki rigar na tafi gidan da ƙafata. Na durƙusa na ce, "Alhaji, na yi ɓarna, ga ta nan." Ya ɗaga ta ya duba, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Malam, da ka ninke ta ka aiko yaro da ita ka yi shiru, da mun rabu ke nan. Tashi, Allah ya kiyaye gaba." Na roƙe shi ya bari in biya, ya ƙi. Sai na yi wata huɗu ina wanke masa kaya ba na karɓar ko sisi.

Na dawo shago da niyyar sallamar yaron. Allah ya sa kafin in buɗe baki, maigidan da na koyi sana'a a hannunsa a Fagge ya biyo, don labari ya riga ya kai masa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana bin ɗakin da kallo, bai ko zauna ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, ta ina kaya ke shigowa?" Na nuna masa ƙofa. "Ta ina suke fita?" Na sake nuna ta. "To tsakanin shigowa da fita, ina suke bi?" Na rasa amsa, don gaskiya ko'ina suke bi. Ya ce, "Yaron nan ba shi da laifi. Ruwa zai sauko, ya ceci kayan mutane, ya rataye inda ya ga igiya. Wa ya ɗaura igiya a saman gogaggun kaya?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya zari gawayi daga buhu, ya sunkuya ya ja layi a ƙasa tun daga ƙofar gaba har bangon baya. Ya ce, "Nan ruwa, nan wuta. Kada ɗaya ya tsallaka wa ɗaya."

A kan wannan layin na sake gina shagon gaba ɗaya. Yanzu kaya ta hagu suke shiga, su gangara baya a wanke su, su fita ta ƙaramar ƙofa a shanya, su dawo ta dama a goge, su ƙarasa kusa da ƙofar gaba suna jiran mai su. Ba sa komawa da baya, kuma jiƙaƙƙe ba ya haɗuwa da busasshe a hanya.

Aikin daga bakin ƙofa yake farawa. Na sa kafinta ya yi mini siririn tebur da ya tare rabin ƙofar, don mai kawo kaya ya tsaya daga waje. A gabansa muke zazzage jakar, mu ƙirga, mu laluba aljihu. Abin da muke tsinta a aljihu ya isa labari: kuɗi, katin banki, makulli, ɓarin goro, biro. Biro guda idan ya shige injin wanki ya ishe ka kukan mako, goro kuma idan ya jiƙa a aljihun farar riga sai ya bar tabo. Idan akwai yagewa ko tsohon tabo, nan take nake nuna wa mai kayan in rubuta a rasit, don kada gobe a ce mu ne. Kowane kaya muna maƙala masa ɗan ƙyalle mai lamba daga ciki, lambar da ke jikin rasit, da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa. Ƙarƙashin teburin kwanduna huɗu ne. Ɗaya na farare, ɗaya na masu launi, ɗaya na waɗanda muke zargin suna zuba, wato rini da sabuwar atamfa da duk wani ja ko baƙi da ba mu taɓa wankewa ba. Gwajin ba wuya: ka jiƙa bakin zanin ka goga a farin ƙyalle, zai gaya maka gaskiya. Kwando na huɗu mai murfi ne, na kayan mata da zannuwan gado. Mutum ya ba ka sirrin gidansa, bai kamata duk mai wucewa a titi ya gan shi a baje ba.

Ɓangaren ruwa shi ya fi cin kuɗi, kuma shi ne wanda ba na nadamar ko kwabo a kansa. Na nemi izinin mai gida, na kira magini ya fasa daɓen wannan gefen, ya sauke shi ƙasa da na gefen guga da kamar inci biyu, ya karkata shi zuwa wata kafa a kusurwar baya. Tun daga ranar, ko bokiti ya kife ruwan ya san hanyarsa. Na sa tayil mai kaushi a ƙasa saboda santsin sabulu, na sa mai sulɓi a bango har daidai ƙirji don siminti ya daina shan ruwa. A bakin kafar akwai raga da ke tare zare da datti, yaro yana kwashewa kullum da yamma. Ruwan kuma ba lungu yake fita ba, sokawe na haƙa masa a baya. Mai wanki da yake sakin ruwan omo a ƙofar gidan mutane ba zai daɗe da zaman lafiya a unguwa ba, kuma su ne dai masu kawo masa kayan.

Injin da nake amfani da shi mai baki biyu ne, gefe ɗaya wanki, gefe ɗaya matsa. Mutane sukan tambaye ni me ya sa ban sayi irin mai ƙofa a gaba ba, wanda yake yin komai da kansa. Wancan yana son famfo mai ƙarfi da wuta tsayayya, kuma idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki sai ƙofar ta kulle da kayan mutane a ciki. Mai baki biyu kuwa ko da bokiti ka zuba masa ruwa zai yi, kana iya tsame kaya duk lokacin da ka so, kuma idan bel ya tsinke ko wani abu ya ƙone, kayan gyaransa suna nan a Sabon Gari. Abu ɗaya da ya kamata a sani: irin nawa ba ya tura ruwa waje da ƙarfi, gangarowa ruwan yake yi. Idan ka ajiye shi a ƙasa daidai da kafa, ruwa zai riƙa kwanciya a cikin tiyo. Don haka na gina masa dakali mai tsayin bulo ɗaya. Gefen matsar nan, a wurina, ya fi gefen wankin daraja. Rigar da ya matse ba ta ɗiga, kuma a damina wannan shi ne bambancin cika alkawari da saɓa shi.

Ruwa saye muke yi a hannun 'yan ga-ruwa. Da farko jarkoki ne jere a cikin shago, sun cinye wurin da mutum zai tsaya. Daga baya na sa mai walda ya yi mini ƙafar ƙarfe a filin baya, na ɗora tanki mai cin lita 1,000, wato jarka 40 ta lita 25, na jawo bututu ya ratso bango ya zo kan inji da wurin wankin hannu. Tunda da kuɗi muke sayensa, ba ma zubar da shi sau ɗaya. Ruwan ɗaurayar farare muna tara shi a duro mu fara wankin masu launi da shi, na ƙarshe kuma a wanke ƙasa.

Kusa da injin akwai dakalin wankin hannu, tsayinsa daidai ƙugu, don wanda ya wuni a sunkuye kan baho ba zai kai shekara goma a sana'ar nan da lafiyar bayansa ba. Nan ake wanke abin da ba ya shiga inji: leshi mai duwatsu, riga mai aikin hannu, da shadda mai tsada. Mutum ya je Kantin Kwari ya zuba kuɗi ya sayi shaddar Getzner, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, don ƙyallinta ya saya. Idan ka jiƙa ta a omo mai ƙarfi ka cuɗa ka murɗe, ka kashe abin da ya biya kuɗi dominsa. Ruwan sanyi, sabulu mai laushi, a taɓa wuya da hammata da bakin hannu, a ɗauraye a ɗaga ta tsane da kanta. Nan kuma muke dama sitati, na rogo, a kwaɓa da ruwan sanyi a sheƙa tafasasshe, sannan a tace. Wanda ya ƙi tacewa zai ga gudaji sun fito fari-fari a jikin baƙin yadi lokacin guga. Omo da sabulu da bula suna kan kanta a sama. Bilic kaɗai ne ba ya hawa sama. Yana ƙasa a kusurwa, cikin bokiti mai murfi, saboda abin da ke sama wata rana zai faɗo, kuma idan bilic ya faɗo fantsama yake yi.

Shanya ita ce ke canzawa da lokaci. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, kafin ka gama shanya layi na uku na farko ya bushe, sai dai rana tana cin launi, don haka muna juya masu launi ciki ya koma waje. Hunturu yana busarwa da sauri amma da ƙura yake zuwa, farin kaya mai sitati idan ya daɗe a waje sai ya yi ja-ja, dole a tsaya a kansa a kwashe da zarar ya sha iska. Damina ce jarrabawa, musamman Agusta. Rabin filin baya na rufe shi da kwanon rufi irin mai shigo da haske. A cikin ɗaki kuma akwai igiya har yanzu, amma a saman ɓangaren ruwa kawai, can kusa da silin, da fanka a bango tana kaɗa su. Duk abin da zai ɗiga, kan tayil zai ɗiga. A gefen dama babu ƙusa ko ɗaya da za a iya ɗaura igiya, da gangan na cire su duka.

Teburin guga shi ne zuciyar shagon. Ɗan siririn allon gugar nan na gida ba ya yi mana, don babbar riga ba ta san shi ba. Nawa ƙafa 6 ne da ƙafa 3, an shimfiɗa masa bargo biyu, an ja farin yadi an ɗaure ta ƙasa kada ya tattare. Na fara yin sa a gajere, kafaɗa ta dame ni, sai na sa aka ƙara masa ƙafa har ya zo ƙasa kaɗan da gwiwar hannuna. Yana jikin taga, da farin ƙwan lantarki a samansa daidai, saboda a kan teburin nan ne ake ganin tabon da ya tsere wa mai wanki. Idan ka bi ta kansa da dutse mai zafi, ka zaunar da shi ke nan.

Maganar dutsen guga kuwa maganar wuta ce. Mutane suna zaton inji ne ke shan wuta, alhali dutsen guga ne. Na lantarki yana jan wat 1,000 zuwa sama da 2,000, ya ninka injin wankina sau da yawa, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. Da muna tayar da babba duk lokacin da aka ɗauke wuta. Bayan 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur, lissafin ya ƙi fita. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wuta naira 225 kan kowane yunit ga waɗanda ke rukunin Band A, wato layukan da aka ce sun fi samun wuta, abokan sana'ar da ke kan irin wannan layin suka ji a jikinsu. Da yawanmu mun koma wa dutsen gawayi da muka yi zaton mun rabu da shi. Ni ban raina shi ba, da shi na koya. Yana da nauyi, yana kwantar da sitati yadda ake so. Amma yana da sharuɗɗa a ƙaramin ɗaki. A waje ake hura shi, a filin baya, ba ya shigowa sai gawayin ya kama ya yi ja ya daina hayaƙi. Kafin ya hau kan kaya sai an busa tokar a waje an goge gindinsa a tsumma, farin kaya kuma sai an shimfiɗa ƙyalle a tsakani, don tartsatsi ɗaya ya isa ya huda yadi. Mazauninsa bulo ne a hannun dama na mai guga. Ƙofa da taga a buɗe suke muddin yana ciki, ko da sanyin hunturu ne. Iskar gawayi a rufaffen ɗaki ba ta da wari amma tana kisa, kuma ina da yaro mai kwana a shagon nan. Ba na tafiya gida sai na ga an juye garwashin a waje an kashe shi da ruwa. Janareta ma wurinsa waje ne.

Wayoyin wuta na kira mai sana'ar ya sake su duka. Soket ɗin dutsen guga layinsa daban da waya mai kauri, na injin wanki kuma yana sama daidai kafaɗa, nesa da fantsamar ruwa. Ba a jan waya a ƙasa ta tsallaka layin nan.

Ajiyar gogaggun kaya a bango take, don ƙaramin ɗaki ƙasarsa ce ke ƙarewa, samansa yana nan. Na sayo bututun ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa aka kafa mini shi hawa biyu don rataye hanga, kanta kuma ta hau har kusa da silin don ninkakkun kaya. Da farko da sunan mutane nake jerawa, kullum muna cikin birkito. Yanzu da ranar karɓa nake jerawa, na yau suna kusa da ƙofa, na jibi suna ciki. Ba ma sa kaya a leda da zafinsu, sai sun huce, in ba haka ba su yi gumi a ciki su ɗauki wari. Abin da ke cinye wuri a ɓoye shi ne kayan da aka manta. Wani zai kawo ya yi tafiya, wani kuɗin ne babu yana jin nauyin zuwa. Amana ce, ba ni da ikon sayarwa ko bayarwa. Ina kiran waya sau biyu sau uku, idan an yi wata uku shiru sai in zuba a jakar bakko da lambarsu in kai gida in adana. Akwai wanda ya dawo bayan shekara ya tarar da kayansa.

Akwai abubuwan da na fitar daga shagon ban sake mayarwa ba. Bencin hira ya koma waje ƙarƙashin rumfa, talabijin ta koma gida. Wankin hula ma na daina, don sana'a ce mai zaman kanta da ke son nata fili da nata kayan aiki, ina karɓa dai in kai wa mai yi. Haka shaddar da mai ita yake son a buga. Masu bugu suna nan wajen marinar Ƙofar Mata da wasu wurare a cikin gari, su shimfiɗa ta a kan gungume su yi ta dukanta da tabaren katako har ƙyallinta ya dawo. Ba aikin da dutsen guga zai yi ba ne, kuma ba aikin da za a yi a ƙafa goma sha biyu ba ne. Ina kai musu, in gaya wa mai kaya gaskiya cewa ba ni na buga ba.

Goman ƙarshe na azumi shi ne lokacin da ake gane ko tsarin nan yana aiki. Kaya suna zuwa kamar ruwa, sababbin ɗinki daga wajen tela a kawo guga, tsofaffi a kawo wanki da sitati. Na ƙirga hangar da bututuna zai ɗauka ba tare da riga ta matse riga ba, 120 ne. Idan rasit ya nuna mini sun cika, na daina karɓa, ko da ina ganin kuɗin da ido. Bara ana jibi Salla wani ya zo da leda a hannu bayan sallar tarawi, ya ce, "Maigida, don Allah kala ɗaya ce tak." Na ce, "Yallaɓai, leƙo ka gani. Idan na karɓa, ko dai in ɗora taka a kan ta wani, ko in ɗora ta wani a kan taka." Ya leƙa, ya ga bututun cike har baki. Na haɗa shi da yaro ya raka shi wajen wani abokin sana'a a layin baya da na san aikinsa.

Daren Salla bututun yake fara yin fili, kowa ya zo da rasit ya ɗauki nasa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare babu abin da ke saura sai 'yan hangogi da ke kaɗawa. Yara su wanke ɓangaren ruwa, su kwashe ragar kafa, su rufe tanki. Ni kuma in sa a ƙara gawayi a dutse, in goge kayan Sallar yaran biyu, sannan nawa.